Gunya Ta Rame a Yendi

Salaga, 9 ga Yuli

Zuwa ga Kawu Mahamudu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna Salimatu da mutanen gida duka. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar? Ina fata man da na aiko yana ɗan taimakawa. Mu nan lafiya lau. Mma ta ji sauƙin hawan jinin, sai dai har yanzu tana ƙara gishiri a miya idan na tafi asibiti. Ta ce in gaida yayanta, in ce masa albasar da ya aiko ta kai mu har bayan Babbar Sallah.

Tunda kunnenka ya hana mu magana a waya, ga takarda ta hannun Yusif direba kamar yadda muka saba.

Kawu, maganar Gunya ce. Satin da ya wuce asibitinmu ya tura mu nas uku Yendi, kwas na kwana biyu. Da aka tashi ranar Alhamis na ce ba zan koma Salaga ban ga 'yarka Munawara ba, in kuma leƙa goɗiyar nan da ka kai gonar mijinta, Yaya Osman, tun Fabrairu don barbara. Na hau babur zuwa can, hanyar Gushegu.

Munawara ta tare ni a bakin ƙofa. Ta yi murna, amma ba ta so in wuce rumfar waje ba. Na tambayi Yaya Osman, ta ce ya tafi Tamale sayen maganin dabbobi. Na ce bari in gaida Gunya, ta ce rana ta yi, in bari sai wani zuwan. Na yi mata wasan taubasai, na ce ko ta sayar da ita ne ta ɗinka atamfa, na ratsa ta gefenta na shiga.

Abin da na gani bai yi min daɗi ba. Dawaki goma sha uku ne, naka da na mutanen da suka kawo ajiya, kuma babu wanda ba a ganin haƙarƙarinsa. Kashi ya taru a barga har ya fara tsutsa. Ruwan da ke cikin komi ya yi kore. Akwai wani doki danda da na tarar yana gaigayar katakon turkensa. Gunya tana can gefen shinge da dabaibayi tana tsintar ciyawa. Kaska ta cika mata kunne da gindin wutsiya, kofatonta ya yi tsawo ya fara tsagewa. Goɗiyar da nake ba wa rake da hannuna lokacin da nake hutu a gidanka, sai da na duba farin goshinta sannan na yarda ita ce.

Ban ga ma'aikaci ko ɗaya ba. Munawara ta ce sun je yankan ciyawa. Na zauna fiye da awa biyu, ba wanda ya dawo.

Ni ba masaniyar doki ba ce, amma muna tsakiyar damina, ciyawa har gwiwa a bayan shinge. Don Allah ka rubuta wa Yaya Osman ka tambaye shi.

'Yarka,
Hikmat

Bawku, 18 ga Yuli

Hikmatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda kika san ta. Ki gaida uwarki, ki ce na ce ta bar gishirin nan.

Na karanta abin da kika rubuta sau biyu. Kin ce ke ba masaniyar doki ba ce, kuma a nan kika faɗi gaskiya. Shekara hamsin ina cikin dawaki, tun muna kawo su a ƙafa ta Kulungugu. Doki a damina yana zubewa. Sabuwar ciyawa tana sa shi gudawa, ƙuda ba ya barinsa ya ci abinci da natsuwa, kaska kuwa yau ka cire gobe ta dawo. Goɗiya mai ciki wata huɗu dole bayanta ya ɗan faɗa. Ke kin saba da asibiti inda ake goge ƙasa sau uku a rana, kin shiga barga kin ga kashi kin tsorata.

Osman shekara goma sha biyu ya yi a bargata kafin in ba shi 'yata, in ba shi ingarmana Akawal ya fara gonar nan da shi. Lokacin da dangi suka ce kada in ba mai share kashin doki 'ya, uwarki tana cikinsu. Ban saurare su ba, kuma ban yi nadama ba. Mutumin da na sani ba zai ci tuwo doki bai ci ba. Ba zan rubuta masa takardar tuhuma a kan ziyarar awa biyu ba.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kada maganar nan ta fita daga bakinki, ko ga uwarki. Masu dawakin nan mutanen Yendi ne da Gushegu, kuma direbobi suna kai magana fiye da yadda suke kai doya. Idan suka ji wai dangin matarsa ma suna cewa yana barin dawaki da yunwa, sati ɗaya ya isa a kwashe masa barga.

Ki kula da marasa lafiyarki. Allah Ya yi miki albarka.

Kawunki,
Mahamudu

Salaga, 6 ga Agusta

Kawu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna Salimatu. Muna lafiya, sai zazzaɓin yara da ya cika mana asibiti.

Ban gaya wa Mma komai ba, kamar yadda ka ce. Amma na koma Yendi ranar Lahadin da ta wuce, ban sanar da kowa ba. Ga hotuna huɗu a cikin takardar nan. Na ɗauka da wayata, na kai aka wanke min, tunda wayar Inna ba ta nuna hoto. Ka sa tabaranka ka duba da kanka, kai da ka san doki.

Dandan nan da na gaya maka babu shi. Munawara ta ce mai shi ya zo ya tafi da shi. Na zagaya bayan shinge saboda ungulu da na gani, na tarar da abin da suka rage. Da na dawo na dube ta, ta ɗauki bokiti ta nufi rafi. Famfon bohol ɗinsu ya lalace, da kai take ɗebo wa dawaki ruwa.

Wannan karon ta ce Yaya Osman yana Gushegu wajen duba dokin wani. Duk ranar da na zo, ya yi tafiya. Babur ɗinsa kuwa yana nan jingine a rumfa, tayar baya a sace, kaza har ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Na kira lambarsa a gabanta, a kashe. Na ce, "Munawara, ko ya gudu ya bar ki ne?" Ta ce, "Ke dai ba ki da aiki sai tambaya." Na ce ta nuna min hannunta, ta ɓoye a cikin zane.

Gunya ta ƙara lalacewa. Akwai miki a kafaɗarta da ƙuda ya buɗe, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Na wanke mata da abin da ke jakata. Abin da ya rage mata shi ne tana da sanyin hali, ana barinta da dabaibayi ta bi gefen shinge ta ci da kanta. Sauran suna turke suna jiran abin da aka kawo musu.

Na kira Inna na gaya mata, ta ce ita ba za ta tsaya tana yi wa mijinta ihu a kunne da laifin surukinta ba, maƙwabta suna ji.

Na yi magana da Malam Ayyub na unguwarmu, wanda yake da dawaki biyu a bayan masallaci. Ban faɗi sunan kowa ba. Yana da turke da ba kowa a kai, ya ce in kawo ta ya riƙe har ta haihu. Mota ma na samu. Munawara ta ce babu dokin da zai fita daga gonar sai da takardarka. Don haka layi ɗaya nake nema, Kawu. Idan ka duba hotunan nan ka ce har yanzu damina ce, ba zan sake ɗaga maganar ba.

Hikmat

Salaga, 4 ga Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Wannan ta hannun wata abokiyar aikina ce da za ta Bawku biki, tunda Yusif ya ɓace mana, wayarsa ba ta shiga.

Sati huɗu ke nan ban ga amsarka ba. Kullum na tashi daga aiki sai na bi ta tasha. Malam Ayyub ya tambaye ni har ya gaji. Jiya na kasa haƙuri na koma Yendi, a can na gane cewa ka amsa, ni ce kawai ba ka amsa wa ba.

Na tarar da Gunya ɗaure a turke, ita kaɗai, a tsakar fili inda babu inuwa. Igiyar ba ta kai kamu uku ba. Ta cinye duk abin da bakinta zai kai har ta fara lasar ƙasa. Ƙafafunta na baya sun kumbura, mikin ya ninka. Na tambayi wanda ya yi wannan aikin, Munawara ta shiga ɗaki ta ɗauko takardarka ta 14 ga Agusta ta karanta min: "Hikmat za ta zo. A ɗaure goɗiyar, kada ta ƙara kwana cikin sauran dawaki." Ta ninke ta mayar cikin zane. Sati uku ke nan Gunya tana tsaye a wurin.

Kawu, idan ba ka so in taɓa dokinka, ka ce min in bari, in bari. Amma ka sa a ɗaure ta don kada in tafi da ita, ka raba ta da ɗan abin da take tsinta da kanta, wannan ban san me zan kira shi ba. Na ɗauka ko ba ka yarda da ni ba za ka ji tausayinta.

Na nemi in kwance ta, Munawara ta riƙe igiyar ta ce umarnin Baba ne. Muka yi cacar baki irin wadda ba mu taɓa yi ba tun muna yara. Na ce mata mijinta azzalumi ne, ita kuma tana taya shi. Ta ce in fita daga gonarta. Kafin in fita dai na mayar da turken ƙarƙashin mangwaro, na ƙara igiya, na yanka mata ciyawa dami biyu. 'Yarta Abida tana tsaye tana kallonmu tana kuka.

Dawaki goma sha ɗaya suka rage. Ban tambayi inda na goma sha biyun ya tafi ba.

Na yi iya abin da zan iya. Goɗiyarka ce, 'yarka ce, surukinka ne. Idan da wani abu da kake so in yi, ka faɗa min a fili.

Hikmat

Bawku, 11 ga Satumba

Hikmatu,

Takardarki ta same ni bayan azahar, ban iya cin abinci ba. Muna lafiya dai.

Ban ce a ɗaure ta ba. Ɗauke na rubuta. A ɗauke goɗiyar, kada ta ƙara kwana cikin sauran dawaki. Wane mahaukaci ne zai ga hoton nan ya ce a ɗaure goɗiya mai ciki a rana? Hannuna yana rawa, na sani, amma shekara talatin Munawara tana karanta rubutuna. Kuma Osman yana ina aka ɗaure ta? Ko da ni na rubuta hakan da hannuna, mai doki ya san ba a bin irin wannan umarnin.

Ranar da hotunanki suka iso na fita da su waje na duba a rana. Ba damina ba ce. Yunwa ce da ƙishirwa, kuma ta daɗe. A ranar na rubuta takarda biyu, ɗaya ga Osman, ɗaya gare ki, na ce ki je ki ɗauke ta ki kai wa Malam Ayyub. Ta Yendi na ba wani mai shanu da zai wuce ta can. Taki na ba Yusif. Jiya na aika tasha aka gaya min motarsa ta lalace a hawan dutsen Gambaga, ya bar ta can ya tafi Kumasi neman kayan gyara, takardarki tana cikin motar. Ni ina nan ina zaton Gunya tana Salaga tana cin harawa, har ina jin haushinki da ba ki rubuto kin ce ta iso ba.

Kin yi min magana mai zafi. Wadda ta dace da ni a ciki na karɓa, saura kuma na bar miki.

Yanzu kada ki sa ta a mota. Da kumburin ƙafar nan, a hanyar Bimbilla, za ta faɗi a ciki ba za ta tashi ba. Na sa limaminmu ya rubuta wa Munawara da hannunsa, da manyan baƙaƙe, cewa a kwance ta yau, a ba ta dusa da kanwa kaɗan-kaɗan, kada a cika mata ciki lokaci ɗaya. Na kuma ce ina son amsa daga Osman, da rubutun hannunsa, cikin kwana bakwai. Idan ban gani ba zan hau mota in zo, ko da a kan buhun albasa ne.

Abin da ya fi damuna ba goɗiyar ba ce. Ko ni ban san mutum ba, ko kuma akwai abin da ake ɓoye mana mu duka.

Mahamudu

Yendi, 19 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Abida tana gaishe ku. Ni ce na rubuto, Baban Abida ba zai iya ba. Bai san ina rubutawa ba.

Baba, ba ya Tamale, ba ya Gushegu. Yana ɗakin baya tun bayan Ƙaramar Sallah. Akawal ya tsorata da ƙarar motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ya miƙe tsaye, ya faɗo a kansa. Cinyarsa ta dama ta karye. Mun kai shi wajen maɗori a wani ƙauye, aka ɗora, aka ce wata biyu zai taka. Wata biyar ke nan bai taka ba. Ƙafar ta karkace, wajen yana ruwa, bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya. Duk zuwan da Hikmat ta yi yana jin muryarta ta taga.

Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, musamman kai. Ya ce kai ka tsaya masa lokacin da kowa ya ƙi shi, ba zai bari ka ji cewa dokin da ka ba shi ne ya nakasa shi ba. Ya ce idan masu dawaki suka ji ba ya tafiya za su kwashe, in ya warke ya tarar babu gona. Kullum yana cewa saura sati biyu. Idan wani ya zo duba dokinsa nakan ce ya yi tafiya, in fito da dokin waje da kaina don kada a shiga barga.

Ma'aikatanmu biyu sun tafi noman doyarsu da ruwa ya sauka. Na nemi wasu, ya hana, ya ce baƙo zai kai labari gari. Ni nake yankan ciyawa tun safe har azahar, in ɗebo ruwa a rafi, in dawo in wanke shi, in dafa abinci, in koma yanka. Ba a sakin dawaki saboda gonakin mutane sun kewaye mu. Dami shida nake iya kawowa a rana, su kuwa ashirin ba ya isarsu. Danda ya mutu, wani doki kili ya bi shi. Masu su ba su sani ba har yau. Shi ma na ɓoye masa, yana zaton goma sha uku ne.

Maganar takardarka. Na karanta ɗaure. Da ta Malam Liman ta zo na ɗauko ta farko na sake dubawa, na ga ɗauke ne, a fili. Ban san ko idona ne ba, ko don ina tsoron ranar da mota za ta shigo gonar nan direba ya ga komai. Ina jin na ga abin da nake so in gani ne. Alhakin Gunya a kaina yake, ba a kanka ba.

Na kwance ta. Tana ci kaɗan, amma tana yawan kwanciya.

Hikmat ta ce mijina azzalumi ne, na kore ta. Tana fita na so in bi ta in kamo hannunta in kai ta ɗakin. Na kai bakin ƙofa, babur ya riga ya tashi.

Jiya zazzaɓi ya rufe shi har bai gane Abida ba. Rantsuwar zan yi kaffararta. Baba, ka zo. Na gaji.

'Yarka,
Munawara

Yendi, 29 ga Satumba

Hikmatu,

Ina gaishe ki, ina gaida Munawara da mai jiki. Salimatu da Abida suna nan tare da ni lafiya.

Ranar Lahadi da kika zo da motar asibiti kika kwashe Osman da Munawara zuwa Tamale, kin gaishe ni a tsaye, ba ki dubi fuskata ba. Na gani. Ba lokacin magana ba ne, shi ya sa nake rubutowa.

Da muka iso ranar Asabar barga na fara shiga, don ƙafata ta ƙi kai ni ɗakin. Hotunanki sun yi wa wurin sutura. Na tsaya a gaban Akawal, dokin da na rena da hannuna, ya kasa ɗaga kai ya dube ni. Daga nan na shiga wajen Osman. Warin ɗakin kin ji shi da kanki. Yana ganina ya nemi ya tashi zaune, ya kasa. Ya kama hannuna ya yi ta magana, hawaye yana bin kunnensa. Ko kalma ɗaya ban ji ba. Na zo da faɗa cike da bakina tun daga Bawku, na tanadi abin da zan ce masa a kan kowane doki. Na zauna a bakin katifar na ce masa ya yi shiru, sannan na ce Munawara ta kira ki a waya.

Gunya ta zubar da cikin ranar Talata da hantsi. Namiji ne, baƙi kamar ubansa, har gashi ya fara fito masa. Ni da Salimatu muka haƙa rami a bayan mangwaro. Likitan dabbobi ya zo ya wanke ta ya yi mata allura. Ta tashi tsaye jiya. Ya ce za ta rayu, amma kada in sake sa ran haihuwa daga gare ta.

Na sa an gyara famfo, ashe wata 'yar roba ce ta tsage, aikin rabin yini. Na ɗauki mutum biyu suna yanka. Na aika wa masu dawaki duka, na ce su zo. Na gaya wa kowa gaskiya a gaban dokinsa. Mai kili dattijo ne daga Gushegu, ya tambaye ni inda aka binne shi, na nuna masa, ya tsaya can ya daɗe, ya tafi bai yi min sallama ba. Mai danda ya zage ni, ya zagi Osman, ya ce sai mun haɗu gaban sarki, kuma yana da gaskiya. Biyar sun tafi da nasu. Huɗu sun ce tunda ina nan za su bari su gani. Da Akawal da Gunya, shida ke nan a barga.

A watan Yuli kika ce in tambaye shi. Da na aiko da layi biyu a lokacin, ko na hau mota, da dawaki biyu suna raye, da ɗan Gunya yana cikinta, da ƙafar yaron nan ba ta kai haka ba. Na zauna ina kare mutuncinsa yana ruɓewa a ɗaki. Ban saba ba yara haƙuri ba, ban san yadda ake yi ba. Ki ɗauki wannan a matsayinsa.

Ki rubuto min gaskiyar abin da likitoci suka ce. Kada ki rage komai.

Mahamudu

Salaga, 8 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Abida. Na dawo Salaga jiya, hutun da na roƙa ya ƙare. Mma ta ji komai yanzu, gobe za ta tafi Tamale ta zauna da su.

Ka ce kada in rage, to ga shi. An yi aikin ranar Laraba. Sun sake karya ƙashin, sun kankare inda ya ruɓe, sun sa ƙarfe. Ba za a yanke ƙafar ba. Za ta fi ɗayar gajarta, zai yi tafiya da sanda, hawan doki kuwa likita ya ce a manta da shi. Ya ce da an kawo shi a satin farko, da yanzu yana gudu. Na fita waje da ya faɗi haka, don kada in yi magana a gaban mara lafiya.

Na karɓi haƙurinka, Kawu, amma ban huce ba. Ba kai kaɗai ba. Ina jin haushin Yaya Osman, ina jin haushin Munawara, na fi jin haushin kaina. Sau uku na tsaya a tsakar gidan nan da jakar magani a kafaɗata, ina wanke mikin doki, mutum yana kwance taku goma daga inda nake. Na ga babur, na ga tagar da ba a buɗewa, ban tura ƙofar ba.

Da Yaya Osman ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne dawaki. Munawara ta dube ni tana roƙona da ido. Na ce masa shida ne, na gaya masa yadda aka yi, har da ɗan Gunya. Ya juya fuska bango. Washegari cewa ya yi a tambaye ka ko za ka zauna har ya fara takawa. Na ce zan tambaya, amma kada ya sake sa kowa rantsuwa.

Na duba hannun Munawara daga ƙarshe. Lauje ya yanka ta a wuraren da ban iya ƙirgawa ba, yatsa biyu ba sa lanƙwasuwa sosai. Na ɗaure mata, na ce wata guda kada ta ɗauki ko bokiti. Idan ta dawo Yendi ka tsaya a kan wannan, don ba za ta ji maganata ba.

Ranar Alhamis bayan azahar barci ya kwashe ta a kan bencin da ke bakin ɗakin. Na hana kowa tashinta. Wajen la'asar ta zabura ta miƙe tana neman takalminta, tana cewa, "Ban ba su ruwa ba, rana ta yi, ban ba su ruwa ba." Na riƙe kafaɗarta na ce, "Baba yana can, ya ba su." Ta dube ni kamar ba ta gane ba. Ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta koma ta kwanta a wurin, da takalmi ɗaya a ƙafarta.

Ka gaida Inna.

'Yarka,
Hikmat